Wa Ke Riƙe da Makullin Mari?

Ƴan'uwana ɗalibai, akwai wata magana da muke faɗi cikin sauƙi a Maraɗi, ko a fada wajen shayi ko a bakin kasuwa: "Ai mahaukaci ba shi da laifi." Gaskiya ce. Addini ya faɗe ta, dokar ƙasa ta faɗe ta, tsofaffinmu ma haka suka tarar. Amma da mun faɗe ta sai mu kakkaɓe riga mu tashi, kamar zance ya ƙare. Ni a ganina nan ne ma zancen ya fara. In an ce wanda ya ƙona rumbu ko ya fasa kan mutum ba shi da laifi, to rumbun dai ya ƙone, kan ya fashe, shi kuma mai ciwon yana nan da ciwonsa. Ina za a kai shi? Wa zai tsare shi, kuma har yaushe? Wa zai dawo ya duba ko ya samu sauƙi? In ya warke, wa ke da bakin cewa a sake shi?

Mu fara da abin da ke rubuce. Nijar ta kafa kundin hukunta laifukanta da doka mai lamba 61-27 ta ranar 15 ga Yuli 1961, an kuma yi mata babban gyara a 2003. Ta gaji wata ƙa'ida daga kundin Faransa na 1810, wanda sashensa na 64 ya tanadi cewa ba a kama mutum da laifi in yana cikin hauka lokacin da ya aikata abin. Wani abokina da ke karatun shari'a a jami'ar Tawa ya warware mini yadda lamarin ke tafiya. Jandarma ko ƴan sanda su kama mutum, su miƙa shi ga mai gabatar da ƙara. In abin babba ne, sai a ba alƙalin bincike dosiyen. Shi zai nemi likitan ƙwaƙwalwa ya duba mutumin, ya rubuto ko yana cikin hankalinsa sa'ad da abin ya faru. In alƙali ya gamsu cewa ba ya ciki, sai ya sa hannu a takardar da ke cewa babu hujjar ci gaba da tuhuma, a rufe dosiye.

A tsarin nan da muka gada, aikin alƙali a bakin ƙofar kotu yake tsayawa. Abin da ya biyo baya na hukumar mulki ne, da likita, da dangi. Haka Faransa kanta ta yi shekara da shekaru: dokarsu ta 30 ga Yuni 1838 ta ba perefe ikon sa a kwantar da mai taɓin hankali a asibiti, ta kuma ɗora wa kowace jiha nauyin tanadar wurin da za a kai shi. Mu mun samu rabin farko na gadon, wato sallama daga kotu. Rabi na biyu, gadon kwanciya da likita da magani, shi ne ya yi mana ƙaranci. Sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa da ya fi suna a ƙasar nan, Pavillon E na babban asibitin Yamai, tsakaninsa da Maraɗi tafiyar fiye da kilomita 600 ce.

Abin da ya sa wannan batu ke ci mini tuwo a ƙwarya, a gidanmu ya faru. Kawuna, ƙanen innata, manomi ne a Jiratawa, cikin gonakin noman rani da ake ban-ruwa. Zogalensa har kasuwar Maraɗi mata ke kawo shi. Ina ɗan kwaleji ciwon ya fara masa. Ya daina barci, ya riƙa magana shi kaɗai, ya tsaya kai da fata cewa maƙwabcinsa na zuba masa guba cikin ruwan gona. Mutanen gida suka ce gajiya ce, wasu suka ce sammu. Wani dare bayan girbi ya cinna wa rumbun maƙwabcin wuta. Da ɗan mai rumbun ya fito da gudu, kawu ya maka masa ƙotar hauya ya karya masa hannu. Hatsin shekara guda ya zama toka kafin asuba.

Wata bakwai ya yi a tsare kafin a samu likitan da ya duba shi. Ranar da aka sallame shi, takarda ɗaya aka miƙa wa kakata, da Faransanci. Ni aka kira in karanta mata. Da na gama ta dube ni ta ce:

"Kai maigidan, mi tac ce?"

"Ta ce ba shi da laihi, Kaka. Ba ya cikin hankalinshi."

"To ina tac ce mu kai shi?"

"Ba ta hwaɗi ba."

Ta karɓi takardar ta ninke ta sa cikin ƙwarya. Da maraice maƙwabcin ya je wajen mai gari ya ce: "Ranka ya daɗe, mu ba mu ƙi shari'a ba. Amma in munka gane shi sake cikin gari, ni da ɗiyana ba mu kwana." Kuma wa zai ga laifinsa? Mutum ne da aka ƙone wa abinci, aka karya wa ɗa, sannan aka ce masa babu mai laifi. Kashegari maƙeri ya ƙera mari. Aka ɗaure ƙafar kawu a gindin bedin tsakar gida, da dare a mai da shi ɗaki a kulle.

An nemi magani iyakar ƙarfi. An kai shi wani ƙauye bayan Tibiri wajen mai magani, ya yi wata uku can, shi ma cikin mari, ana turare ana rubutu. Tumaki biyu na kakata suka tafi a nan. Ba raina kowa nake ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Daga baya wata ƴar'uwa ta matsa aka kawo shi wani asibiti cikin Maraɗi, aka ɗora shi kan allura wata-wata da ƙwayoyin sha. Cikin wata biyu ya koma barci, ya gane kowa, ya tsai da sallarsa, ya fara tambayar wa ke ba zogalensa ruwa.

Amma marin bai fita ba sai bayan shekara uku.

Dalili? Babu wanda yake ganin shi ke da hurumin cewa a cire. Ma'aikacin asibiti ya ce nasa magani ne. Mai gari ya ce magana ce da ta fito daga hukuma. Hukuma ta riga ta rufe dosiye. Maƙwabci yana nan da tsoronsa. Makullin yana ƙulle a bakin zanen kakata, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya, wadda ta wayi gari ita ce alƙali, ita ce gandiroba, ita ce mai jinya, ita ce kuma uwa. In ta cire wani abu ya faru, ita za a nuna da yatsa. In ta bari, ɗanta ne ke kallon ta daga gindin itace. Wata rana na kai masa fura, ya riƙe hannuna ya ce: "Ɗana, ɗan kaso na ƙilga kwanakinshi, ya san ranar hita. Ni mi zan ƙilga?"

Abin da ya kwance shi a ƙarshe zama ne guda ɗaya. Wani sabon liman ya zo garin, ya ga abin, ya sa mai gari ya tara gidajen biyu. Aka kawo katin asibiti aka karanta. Aka bar maƙwabcin ya faɗi duk abin da ke cikinsa. Danginmu suka ɗauki biyan hatsin da ya ƙone, dami-dami, cikin girbi biyu, da kuɗin ɗorin hannun yaron. Aka shirya cewa kawu zai riƙa zuwa gona tare da wansa, ba zai tsallake allura ba, kuma bayan wata uku a sake zama a duba. Yau yana nomansa. Tabon mari dai yana nan a idon sawunsa.

Ku lura da abin da ke cikin wannan zama: akwai mai iko da ake jin maganarsa, akwai shaidar likita, akwai wanda aka cuta, akwai mai ciwon kansa, akwai kuma ranar da za a sake dubawa. Abu biyar ke nan. Amma dace ne ya kawo su. Da limamin nan bai zo ba fa? Ƴancin mutum bai kamata ya rataya ga dace ba.

Wani zai ce ai wannan tunanin Turawa ne. To mu duba littattafanmu na zaure. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo cewa Marwan ɗan Hakam, gwamnan Madina, ya rubuta wa Mu'awiya game da wani mahaukaci da ya yi kisa, aka ba shi amsa cewa a tsare shi amma babu ƙisasi a kansa. Abin lura, gwamna ne ya tambaya, shugaba ne ya amsa. Ba a tura wa tsohuwar uwarsa maganar ba. A fiƙihun Malikiyya kuma, ganganci na mai taɓin hankali kamar kuskure ake ɗaukar sa: diyya tana kan danginsa na wajen uba, dukiyar da ya ɓata ana biyan ta daga dukiyarsa, alƙali kuma yana naɗa masa waliyyi mai kula da al'amarinsa, waliyyancin da ke faɗuwa in hankali ya dawo. Wato an ɗauke masa hukunci, ba a zubar da haƙƙin wanda aka cuta ba, ba a kuma bar shi babu mai duba shi ba. Mu ne muka riƙe jimlar farko muka manta da sauran.

Ƙasashen da muke gani sun ci gaba su ma sun daɗe cikin wannan rami. A Ingila, a 1843, Daniel M'Naghten ya harbe sakataren firaminista Robert Peel, kotu ta wanke shi saboda taɓin hankali, amma bai sake taka waje ba: daga asibitin Bethlem aka mai da shi Broadmoor, can ya mutu a 1865. A Kanada ma tsohuwar doka ta ce duk wanda aka wanke ta wannan hanya a tsare shi kai tsaye, babu wa'adi. Sai a 1991 kotun ƙolinsu, a shari'ar Swain, ta ce hakan ya saɓa wa tsarin mulki. Daga 1992 kowane lardi ya samu hukumar bita mai mutum biyar ko fiye, shugabanta alƙali ne ko wanda ya cancanci zama alƙali, kuma dole a samu likitan ƙwaƙwalwa a ciki. A ƙa'ida duk wata 12 sai ta zauna kan kowane mutum, ta zaɓi ɗaya cikin uku: ya ci gaba da zama asibiti, ko ya koma gida bisa sharuɗɗa, ko a sallame shi gaba ɗaya in ba ya da babban haɗari ga jama'a. Wanda aka cuta shi ma yana da damar miƙa bayaninsa.

Faransa, wadda muka kwaso dokarta, ita ma ta canza. A Disamba 2004 wani mai ciwon ƙwaƙwalwa ya kashe ma'aikatan jinya mata biyu a asibitin garin Pau, aka rufe dosiyen ba tare da an yi masa shari'a ba, iyalan mamatan suka yi ta kuka. Dokar 25 ga Fabrairu 2008 ta kawo zaman da alƙalai za su fara tabbatar da cewa abin ya faru kuma wane ne ya yi, sannan su ce ba a kama shi da laifi ba. Suna iya ba da umarnin kwantar da shi asibiti, suna iya hana shi kusantar wanda ya cuta ko riƙe makami na tsawon shekaru. Da maƙwabcin kawuna ya samu irin wannan zama tun farko, da alƙali ya dube shi ya ce masa, "E, an ƙone maka rumbu, ga kuma matakin da muka ɗauka," ina jin da ba a kira maƙeri ba.

Wanda ya fi kusa da mu kuwa, a cikin ƙasar nan aka yanke shi. A watan Mayu 2003 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta yi zamanta na 33 a Yamai, ta yanke hukunci kan ƙarar Purohit da Moore a kan ƙasar Gambiya. Ƙarar ta shafi wata tsohuwar dokar zamanin mulkin mallaka da ake tsare masu taɓin hankali da ita a sashen Campama na Banjul, babu bita, babu ɗaukaka ƙara. Hukumar ta ce hakan tauye haƙƙi ne, ta nemi Gambiya ta sauya dokar, ta kafa kwamitin masana da zai duba lamarin kowane mutum da ke tsare, ta kuma samar musu magani. A babban birninmu aka faɗi wannan. Shekara biyar bayan haka, a 2008, Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda ta haɗa da masu ciwon ƙwaƙwalwa.

Inda babu mai dubawa kuwa, mun ga abin da ke faruwa a tsallaken iyaka. A Satumba 2019 ƴan sandan Najeriya suka fito da mutum ɗaruruwa daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa. A Oktoba aka sake samun irinsa a Daura, nan kusa da mu. Mafi yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, wasu don shaye-shaye, wasu don ciwon ƙwaƙwalwa, saboda ba su da wata ƙofar da za su buga. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton da ya nuna ana ɗaure masu wannan ciwo a ƙasashe 60. A farkon 2023 Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na san abin da za a ce mini a fada. Na farko: "Kowane ɗan taramol sai ya yi ɓarna ya ce hauka ce." Tsoron yana da tushe, don mun san yadda ƙwaya ta shiga samarinmu. Faransa ma ta yi wannan rigima bayan kisan Sarah Halimi a Paris a 2017, har ta gyara dokarta a Janairu 2022 game da wanda ya gusar da hankalinsa da kansa. Amma ku duba da kyau: rashin sa ido shi ke ba mai ƙaryar hauka riba, tunda da an rufe dosiye ya tsira. In ya san za a riƙa kiran sa ana duba shi, likita na rubutu, alƙali na karantawa, ƙaryar ba ta daɗewa.

Na biyu: "Ina likitocin? Ina kuɗin?" Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci, ba gardama. Amma a 1954, a ƙauyen Aro kusa da Abekuta, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da wani nasu, suna zuwa asibiti da rana, har da masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Bai jira an gina masa bene ba. Zaman da ya kwance kawuna tabarma kawai ya ci, da ruwan sha.

To me nake nema? Abu huɗu, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu. Na ɗaya, duk takardar da ta wanke mutum saboda taɓin hankali ta zo da shafi na biyu: ina za a kai shi, wa ke da alhakinsa da suna, a wane asibiti zai karɓi magani. A kuma fassara wa dangi da Hausa kafin su bar kotu. Na biyu, a samu ɗan kwamiti a babbar kotun Maraɗi, alƙali da ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa da ma'aikacin jin daɗin jama'a, mai rajistar waɗannan mutane, mai zama kan kowanensu ko da sau biyu ne a shekara. Masu gari da masu unguwa, ta hannun fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da ta Sarkin Gobir a Tibiri, sun san kowane gida da ke da mari. Su ne idon kwamitin. Na uku, a kira wanda aka cuta, a saurare shi, a daidaita maganar biyan ɓarna. Na huɗu, maganin wanda kotu ta wanke ya zama kyauta, don duk watan da uwa ta kasa sayen allura, ranar ce ake komawa wajen maƙeri.

Mu ɗalibai kuma muna da namu. Cikinmu akwai masu karatun likita a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, akwai masu shari'a a Tawa da Yamai, gobe su ne za su riƙe alƙalamin. Kafin goben, in ka san gidan da ke da mutum a ɗaure, a Bagalam ne ko Mokoyo ko ƙauyenku, kada ka tsaya ga "Allah ya sawwaƙe" daga bakin ƙofa. Yi sallama ka shiga. Tambayi tun yaushe aka ɗaure shi, yaushe rabonsa da ganin likita, wa ya ce a ɗaure, wa zai ce a kwance. Karanta musu takardar da ke cikin ƙwarya. Raka su asibiti ranar allura. Je ka ga liman ko mai unguwa ka roƙi a zauna, a kuma sa ranar sake zama. Kada ka zagi dangin. Ba mugunta ta kai su ba, an sakar musu kaya ne su kaɗai, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Hankali aro ne. Babu ɗayanmu da ke da takardar shaida cewa nasa zai kai shi tsufa. Dokar da za mu nema wa waɗannan bayin Allah, wataƙila kanmu muke nema wa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinyarsu haƙuri da lada, ya bar mu da hankalinmu. Amin.